Haƙuri ko Mutuntawa? Sharhi a kan Hukuncin Kotun Turai game da Niƙabi a Faransa

Ranar 1 ga Yuli, 2014, Babban Zauren Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam da ke birnin Sitarasbog ya yanke hukunci a ƙarar da wata Musulma 'yar ƙasar Faransa ta kai gwamnatinta. Kotun ta sakaya sunanta, da haruffan S.A.S. kaɗai aka san ta. Alƙalai 15 daga cikin 17 suka ce dokar da ta hana rufe fuska a bainar jama'a ba ta tauye mata 'yancin addini ba. Sakamakon ne ya iso mana ta rediyo, kuma a nan akasarinmu muka tsaya: Turawa sun hana niƙabi, kotunsu ta mara musu baya, da ma me ake jira daga gare su? Irin wannan karatu bai kamaci ɗalibin ilimi ba. Hukuncin nassi ne mai jerin hujjoji, wasu ingantattu wasu raunana, kuma duk wanda ya sha wahalar usulul fiƙhi yana da ma'aunin da zai ɗora su a kai. Na ga ya dace a yi hakan, domin hujjar da kotun ta dogara da ita a ƙarshe ta wuce batun ƙyallen fuska, ta shafi matsayin kowace tsirarun al'umma a gaban masu rinjaye.

Dokar da ake magana a kanta an zartar da ita ranar 11 ga Oktoba, 2010, ta fara aiki ranar 11 ga Afrilu, 2011, kuma a wannan rana ce matar ta shigar da ƙararta. Majalisar wakilai ta amince da ita da ƙuri'a 335, ɗaya tak ta ƙi. Majalisar dattawa da 246, nan ma ɗaya ta ƙi. Lafazin dokar bai ambaci Musulunci ko niƙabi ba, cewa kawai ya yi ba a yarda kowa ya sa tufar da aka yi don ɓoye fuska a wurin da jama'a ke taruwa ba. Wadda ta saɓa za ta biya tarar da ba ta wuce Yuro 150 ba, ko a tura ta darasin zama ɗan ƙasa, ko a haɗa mata duka biyun. Wanda kuwa ya tilasta wa wata rufe fuska, ɗaurin shekara ɗaya ne da tarar Yuro 30,000. Amma babu wanda ya ruɗe game da wadda ake nufi. Tun a watan Yunin 2009 Shugaba Nicolas Sarkozy ya tsaya gaban 'yan majalisa a fadar Basai ya ce ba a maraba da burƙa a Faransa, aka kuma kafa kwamitin majalisa ƙarƙashin André Gerin don binciken lamarin. Abin lura shi ne Majalisar Ƙasa, wadda ita ce babbar mai ba gwamnati shawara a kan doka, ta yi gargaɗi a watan Maris na 2010 cewa hani na bai-ɗaya ba shi da ƙwaƙƙwaran tushe a shari'ar ƙasar. Ba a saurare ta ba.

Ita mai ƙarar ta bayyana cewa babu miji ko wani ɗan'uwa da ya tilasta mata, cewa ba kullum take sa niƙabin ba, kuma a shirye take ta buɗe fuska a filin jirgi ko banki ko duk inda ake bukatar tantance ta. Abin da take nema shi ne a bar mata zaɓin sa shi idan ranta ya karkata ga hakan, musamman a lokutan ibada irin su Ramadan.

Adalci ya wajabta a fara da abin da kotun ta yi daidai, kuma ba kaɗan ba ne. Gwamnatin Faransa ta zo da hujjar daidaito tsakanin maza da mata. Kotun ta ce hukuma ba za ta fake da daidaiton jinsi ta hana wani abu da matan da kansu ke tsaye suna karewa ba. Ta zo da hujjar martabar ɗan'adam. Kotun ta ce ko da mutane da yawa na ganin wannan tufa baƙuwa ce, alama ce ta wata al'ada, kuma babu shaidar cewa masu sa ta na nufin wulaƙanta wani. Waɗannan biyun su ne ginshiƙan da aka shafe shekara ana kafa muhawarar majalisa da ta jaridu a kansu, sai ga kotun ta tumɓuke su cikin 'yan sakin layi. Har ta nuna damuwa da kalaman ƙyamar Musulunci da suka biyo bayan muhawarar. Mai wa'azin da ke cewa kotun ta yanke cewa niƙabi zalunci ne ga mace ya faɗi akasin abin da ke rubuce.

Hujjar tsaro ma ba ta tsira ba. Kotun ta yarda hukuma na da ikon ganin fuskar mutum idan akwai dalili, amma ta ce hani a kowane titi da kowane lokaci ba ya halatta sai ƙasa na cikin barazana ta gama-gari, Faransa kuwa ba ta nuna hakan ba. A nan mu mutanen yankin Tafkin Chadi muna da abin kwatance. A shekarar 2015, bayan hare-haren ƙunar baƙin wake na Boko Haram, an hana rufe fuska a Chadi, da Arewa Mai Nisa ta Kamaru, da jihar Diffa ta Nijar. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, illarsa a fili take: ana ɓoye bam a ƙarƙashin tufa, ana kashe mutane a kasuwa. Illa ce da ake gani, ake iya aunawa, kuma hukuncin da aka rataya mata ya kamata ya gushe da gushewarta. Ka riƙe wannan, domin shi ne abin da aka rasa a hujjar da ta rage.

Hujjar da ta rage ita ce wadda Faransawa suka kira zaman tare. Ma'anarta, fuska tana da muhimmanci a cuɗanyar mutane. Wanda ya rufe ta ya gina katanga tsakaninsa da sauran jama'a, ya tauye musu haƙƙin rayuwa a fagen da cuɗanya ke da sauƙi. Kotun ta karɓi wannan, ta cusa shi ƙarƙashin kare haƙƙoƙi da 'yancin wasu, wanda yana cikin dalilan da sashe na 9 na Yarjejeniyar Turai ya yarda a taƙaita bayyana addini saboda su.

Ba zan raina wannan magana ba. Bahaushe ma ya san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma hadisi ya ƙidaya sakin fuska ga ɗan'uwa cikin ayyukan alheri. Bafaranshen da ya ce yana jin nisa tsakaninsa da wadda ba ya ganin fuskarta ba lallai ne maƙaryaci ko maƙiyi ba. Sai dai tambayar da ke gaban kotun ba ita ce ko sakin fuska abu ne mai kyau ba. Tambayar ita ce ko bashi ne da ɗan sanda zai karɓo wa mai wucewa a titi.

Malaman usulu sun shardanta wa illa ta kasance siffa bayyananniya mai iyaka, wadda ba ta sauyawa daga mutum zuwa mutum. Shi ya sa aka rataya ƙasaru ga tafiya ba ga wahala ba, duk da cewa wahalar ce hikimar sauƙin: tafiya ana iya auna ta, wahala kuwa ta kowa daban. Ba ina cewa a hukunta alƙalan Sitarasbog da Mukhtasar ba ne. Ina cewa hankalin da ya sa malamanmu suka kafa wannan sharaɗi shi ne ya sa waɗanda suka tsara Yarjejeniyar Turai suka ƙidaya dalilan taƙaita 'yanci ɗaya bayan ɗaya, suka rufe ƙofa. Kotun da kanta ta sha faɗa cewa jerin a rufe yake, kuma fassararsa a ƙuntace. Zaman tare ba ya cikin jerin. Kuma shi ne wahalar, ba tafiyar ba: ba shi da iyaka, ba shi da ma'auni sai abin da masu rinjaye suka ji a ransu. Yau fuska ce ke hana zaman tare. Gobe me zai hana a ce gemu ne, ko ƙin musabaha da mace, ko ƙin cin abin da ake ci a makaranta? Abin mamaki, kotun ta ga wannan rami. Ta ambata a fili cewa ma'anar kalmar na da sassauci kuma ana iya yin ɓarna da ita, don haka sai an yi bincike mai tsanani. Sai mai karatu ya gyara zama yana jiran binciken, ya tarar an wuce.

Alƙalai biyun da suka saɓa, Angelika Nußberger ta Jamus da Helena Jäderblom ta Suwidin, sun sa yatsa a kan ciwon. Suka ce an sadaukar da haƙƙi tabbatacce na mutum sananne saboda wata manufa da ba a iya kamawa da hannu. Wane ne mai haƙƙin da aka tauye? Babu wanda ke da haƙƙin tilasta wa baƙo a titi ya yi hulɗa da shi, kuma babu wanda ke da haƙƙin kada ya ga abin da zai ba shi mamaki ko haushi. Sun ƙara da cewa 'yancin rayuwar mutum ya haɗa da 'yancin kame kansa daga jama'a. A ganina wannan ɗan gajeren saɓani ya fi hukuncin masu rinjaye ƙarfi ta kowace fuska, kuma ya cancanci a fassara shi ga ɗalibanmu na siyasar shari'a.

Dokar ma tana ƙaryata illarta da togaciyarta. Ta halatta rufe fuska saboda lafiya, da sana'a, da wasanni, da bukukuwa, da al'adun gargajiya. Wato mai rufe fuska don bikin kanibal bai rushe zaman tare ba, mai rufewa don neman kusanci ga Ubangijinta ce ta rushe shi. A babin ƙiyasi wannan shi ne naƙadi: a sami siffar, a rasa hukuncin. Idan illa ta warware haka, mai bincike yakan koma ya nemi illar gaskiya da aka ɓoye.

Sai batun adadi. Alƙaluman da aka gabatar wa kotun sun nuna mata kimanin 1,900 ne ke rufe fuska a ƙarshen 2009, a ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 65. Imam Gazali, a cikin Al-Mustasfa, da ya zo maganar maslahar da za a keta haƙƙin da nassi ya tabbatar saboda ita, bai yarda ba sai ta zama ta larura, tabbatacciya, kuma ta game kowa. A gwada zaman tare da waɗannan ukun. Mafi yawan Faransawa za su yi shekara ba su haɗu da mai niƙabi ba. Cutar da aka guje wa zato ce, wadda aka jawo kuwa tabbas ce: mace ta zaɓi tsakanin abin da take ganin addininta ne da fita ƙofar gida. Kotun ta amsa cewa ta san wasu matan za su killace kansu. Dokar da aka yi don a cuɗanya da su ta mayar da su ɗaka.

Da me kotun ta tsallake duk wannan? Da ƙa'idar da take bar wa kowace ƙasa sararin ijtihadi a al'amuran da Turai ba ta haɗu a kansu ba. Ta ce karɓar niƙabi ko ƙin sa zaɓi ne na al'umma, kuma alƙalin ƙasa da ƙasa ya kamata ya kame. Ƙa'idar tana da ma'ana a inda take. Amma a lokacin hukuncin, Faransa da Beljiyam ne kaɗai cikin ƙasashe 47 na Majalisar Turai suka yi irin wannan doka ta ƙasa baki ɗaya, kuma wannan ya fi kama da ijma'i a kan rashin hani. Bayan haka, an kafa kotun ne domin ranar da zaɓin al'umma zai faɗa kan wanda ba shi da ƙuri'ar kare kansa. Ƙuri'a 335 da 1 ba hujja ce ta kamewar alƙali ba. Ita ce dalilin da ya sa aka zo gabansa. Wanda ya bibiyi hukunce-hukuncen kotun zai ga inda sararin nan ke karkata. A 2001, a ƙarar wata malamar firamare a Suwizalan, an siffanta ɗankwalinta da alama mai ƙarfi da ka iya tasiri a kan yara. A 2011, a ƙarar Lautsi, an siffanta gicciyen da ke rataye a azuzuwan gwamnatin Italiya da alama wadda ba ta cusa wa kowa komai. A duka biyun ƙasa ce ta yi nasara, kuma a duka biyun abin da masu rinjaye suka saba da shi ne ya zama ma'auni.

A nan ne nake ganin kalmar da muke amfani da ita tana yaudararmu. Muna cewa muna neman Turai ta yi haƙuri da Musulminta, Larabawa na cewa tasamuh. To amma Bahaushe ba ya haƙuri sai da abin da ya dame shi: ciwo, talauci, mugun maƙwabci. Mai haƙuri shi ke sama, kuma haƙuri yana ƙarewa. Masanin falsafar nan na Jamus, Rainer Forst, a littafinsa na 2003 a kan wannan batu, ya bambanta haƙurin izini, inda mai iko ke ƙyale tsiraru muddin ba su fito fili sun dame shi ba, da na mutuntawa, inda kowane ɓangare ke ɗaukar ɗayan a matsayin abokin tarayya a ƙasa, wanda ba a ɗora masa doka sai da hujjar da shi ma zai iya karɓa. Tarihin Faransa ya san na farkon sarai. A 1598 Sarki Henri na Huɗu ya ba Furotesta izinin addininsu da dokar Nant, a 1685 jikansa Louis na Sha Huɗu ya janye ta. Abin da aka bayar a matsayin alfarma ana iya karɓe shi. Hukuncin 2014 yana magana da harshen jam'i da buɗaɗɗen tunani, amma gininsa na izini ne: za ki iya zama Musulma a titi gwargwadon abin da idonmu zai ɗauka.

Mu ma muna da namu kason a wannan ruɗani, kuma nan ne na fi so ɗalibai su tsaya. A watan Oktoban 2009, ana tsakiyar muhawarar Faransa, Shaihul Azhar Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, Allah Ya jiƙansa, ya umarci wata ɗaliba a wata makarantar Azhar ta cire niƙabi, ya ce al'ada ce. Masu neman dokar a Paris suka karɓe maganar hannu bibbiyu. A ɗaya gefen, wasu daga cikinmu suka ga hanyar kare matan ita ce a tabbatar da cewa niƙabi wajibi ne a kan kowace mace. Duka biyun sun amince, ba tare da sun lura ba, cewa 'yancin matar ya rataya ga sakamakon tarjihi. Mas'alar kuwa ta saɓani ce tun da. Mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya shi ne fuska da tafuka ba al'aura ba ne, ko da yake wasu malaman mazhabar sun wajabta rufewa idan ana tsoron fitina. Hanabila da yawa sun wajabta. A zamaninmu Albani ya tafi a kan mustahabbi ne, Ibn Baz da Ibn Usaimin suka tafi a kan wajibi. Ni kaina ina kan ra'ayin mazhaba, kuma ban taɓa umartar iyalina da shi ba. Amma wadda ta bi ɗaya ra'ayin ta bi malamai ne, kuma ƙa'idarmu ita ce ba a inkari a mas'alolin ijtihadi. Idan ni malami ba ni da ikon cire mata shi da hannu, ina ga majalisar da ba ta yarda da asalin nassin ba? Mohammed Moussaoui, shugaban Majalisar Musulmin Faransa a lokacin, ya fi kusa da daidai: ya gaya wa kwamitin Gerin cewa jumhurun malamai ba su wajabta shi ba, kuma duk da haka bai goyi bayan a yi doka ba. Ita kotun, a nan ma sai a yaba mata, ba ta shiga tantance wajibci ba; ta wadatu da cewa matar ta yi imani da abin da take yi.

Akwai kuma madubin da ba na jin daɗin dubawa amma dole ne. Imam Ƙarafi, a cikin Al-Furuƙ, ya yi bayani mai kyau wajen haɗa hanin jiɓintar maƙiya da ke farkon Suratul Mumtahana da izinin kyautatawa da adalci da ke aya ta 8. Ya lissafa abin da ke kan Musulmi game da ahlul zimma: tausasa wa rauninsu, ciyar da mayunwacinsu, kare dukiyarsu da mutuncinsu, jure cutarwar maƙwabtaka daga gare su. Zimma ta fi izinin Sarki Henri ƙarfi nesa ba kusa ba, domin alƙawari ne da aka jingina ga Allah da Manzonsa, sarki ba ya janye shi don ya ga dama. Amma a wannan babin dai Ƙarafi ya hana duk abin da zai nuna ɗaukaka su, domin tsarin zamaninsa na sama da ƙasa ne. Wanda ya ce wannan shi ne daidaiton 'yan ƙasa na yau bai yi wa littafin adalci ba. Shi ya sa Sanarwar Marrakesh ta Janairun 2016, wadda Shaihu Abdullahi bin Bayyah ya jagoranci tsara ta, ta koma ga Sahifar Madina tana kira da a gina fiƙihun zama ɗan ƙasa. Aikin bai kammala ba. Kuma duk lokacin da ɗayanmu, a garin da muke da rinjaye, ya kafa hujja da cewa ganin alamar addinin wasu yana damun jama'a don haka a kawar da ita, ya sani hujjar zaman tare ce ya ara daga Paris, ya sa mata rawani.

Abin da ya biyo bayan hukuncin ya tabbatar da tsoron alƙalan biyu. A Yulin 2017 kotun ta yi amfani da hujjar nan ta wanke dokar Beljiyam. A Maris na 2021 masu ƙuri'a a Suwizalan, waɗanda tun 2009 suka hana gina hasumiyar masallaci alhali guda huɗu ne a ƙasar, suka amince da hana rufe fuska da kashi 51.2 cikin ɗari. A ɗaya ɓangaren, a Oktoban 2018 Kwamitin Haƙƙin Ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana matsayinsa a ƙorafin wasu mata biyu da aka ci tara a Faransa: ya ce an tauye musu 'yancin addini, an nuna musu bambanci, kuma zaman tare kalma ce marar iyaka da Faransa ta kasa nuna haƙƙin wa take karewa. Matsayin kwamitin ba ya da ƙarfin hukuncin kotu, kuma dokar tana nan.

Sai annobar korona ta zo. Daga 20 ga Yuli, 2020, Faransa ta wajabta sa takunkumin fuska a rufaffun wuraren jama'a, daga baya har a titunan Paris, wanda ya ƙi kuwa tarar Yuro 135 ce. Ta fuskar lafazin doka babu karo, tunda an togace lalurar lafiya tun farko, kuma ba na cikin masu cewa annobar ta zo ne don ta kunyata kowa. Amma da'awar da aka gina hukuncin a kanta da'awa ce game da yadda mutane suke, cewa cuɗanya ba ta yiwuwa sai an ga hanci da baki. Watanni da yawa Faransawa sun yi ciniki, sun yi karatu, sun gurfana gaban alƙalai, ba a ganin komai sai idanunsu. A cikin waɗannan watanni, macen da ta rufe daidai wannan wuri na fuskarta da baƙin ƙyalle tana nan a matsayin mai laifin Yuro 150.